Zama da Ciwon Lufus da Fibromayaljiya a Karkara

An rubuto wannan ne daga muryar da aka naɗa ta laccar da wata likita ta gabatar wa mata a wani ƙauye na ƙasar Ringim.

Assalamu alaikum. Iyayena mata, yayyena da ƙannena, na san a cikinku akwai wadda ta shekara tana shan maganin maleriya da taifod, wata an ce mata sanyin ƙashi ne, wata kuma an ce jifa aka yi mata, alhali abin da ke damunta yana da suna a asibiti. Cututtuka biyu zan yi magana a kansu, kuma ina roƙon kada ku haɗa su, domin ko da yake dukkansu suna kawo ciwon jiki da gajiya, halinsu ya bambanta ƙwarai.

Lufus cuta ce da garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi mai ita, ta taɓa fata da gaɓoɓi da jini, wani lokaci har da ƙoda. Cikin mutum 10 da ke fama da ita kusan 9 mata ne, yawancinsu tsakanin shekara 15 zuwa 45. Ba a ɗaukarta a kwanon abinci ko a tabarma, saboda haka babu dalilin ware wa mara lafiya kofinta daban.

Rana tana tayar da ita, kuma a nan ne wahalarmu take, domin mace ba za ta ce ba za ta je rijiya ko roron gyaɗa ba. Abin da nake gaya wa marasa lafiyata shi ne su mayar da aikin waje zuwa sanyin safiya ko bayan la'asar, su yi daka da surfe a inuwa, su ari malfar maigida su ɗora a kan hijabi ko da yara za su yi dariya, musamman a watannin Maris da Afrilu. Babban maganinta shi ne haidroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da kuka sani, wanda ake sha kullum ko da jiki ya yi daɗi, a kuma riƙa duba ido lokaci-lokaci domin maganin yana iya taɓa shi. Shi kuwa firedinisolon, wani maganin da ake ba masu lufus, mai kumbura fuska, haɗari ne babba a daina shi dare ɗaya. Likita ne yake rage shi sannu a hankali.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙoda, domin tana lalacewa ba tare da ta yi ciwo ba. Idan kin ga fitsarinki yana kumfa kamar an zuba omo, ko kin cire silifas kin ga igiyarsa ta yi zane a ƙafarki saboda kumburi, kada ki jira ranar kasuwa. Ki kuma guji haɗin kemis da ake ƙullewa a leda, domin sau da yawa akwai magungunan rage ciwo irin su dikilofenak ko ibufurofen a ciki, waɗanda suke ƙara wa ƙoda nauyi. Mai son haihuwa ta shawarci likita, ta bari cutar ta lafa kamar wata 6 kafin ɗaukar ciki. Idan an tura ki Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ki daure ki je.

Fibromayaljiya kuwa ba ta cin ƙoda, ba ta lanƙwasa gaɓa, amma jijiyoyi suna ƙara wa ciwo ƙarfi, har mace ta shafe fiye da wata 3 jikinta duk yana tsami, ta wayi gari kamar ba ta runtsa ba, ta shiga ɗaki ta manta abin da ya kai ta. Gwajin jini yakan fito lafiya lau, sai uwar miji ta ce son jiki ne. Ba son jiki ba ne, Hajiya. Maganinta ya fi karkata ga barci a kan lokaci, da gasa jiki da ruwan ɗumi, da tafiya kaɗan kullum wadda ake ƙarawa a hankali, sannan likita yakan ba da amitiriftilin da dare. Kuskuren da nake yawan gani shi ne ranar da mace ta ji sauƙi sai ta wanke kayan mako guda, ta kwanta kwana 3. A raba wankin.

Kowacce ta samu littafin 'yan makaranta, ta sa ɗanta ya riƙa rubuta mata ranar da ciwon ya tashi da aikin da ta yi kafin nan, ta zo mana da shi tare da ledar magungunanta duka, har da na gargajiya. Yanzu sai tambayoyi.