Yaron da aka ƙera don ya so uwa: musun da ya kaure bayan fim

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare daga Landan. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, yanzu muka fito daga wata 'yar silima da ke maimaita tsofaffin finafinai. Yau A.I. suka haska, na Steven Spielberg da ya fito a 2001, kuma tun a bakin ƙofa gardama ta sarƙe.

Ga wanda bai gani ba, David mutum-mutumi ne mai siffar yaro, Haley Joel Osment ne ya fito a matsayinsa. An kai shi gidan Monica da Henry saboda ɗansu Martin yana kwance, rai a hannun Allah. Monica ta karanta masa wasu kalmomi bakwai, nan take ƙaunarta ta shige shi, kuma ba ta goguwa. Da Martin ya warke ya dawo, zama ya gagara, ta kai David daji ta bar shi.

Wani matashi mai karatun injiniya ya ce min shi ko a jikinsa, ai na'ura ce, kukan ma rubuta mata aka yi. Wata dattijuwa kuwa har yanzu tana share hawaye. Ta kare Monica, ta ce da ta mayar da shi kamfanin da ya ƙera shi, lalata shi za a yi, don haka ceton sa ta yi.

Ni dai wallahi ɗan riƙo na gani. Muna cewa ɗa na kowa ne, amma kowa ya san gidan da aka ɗauko yaro lokacin da ake neman haihuwa, ana ji da shi, da Allah ya kawo ɗan ciki sai ya koma ɗan aike. Shi ya sa tambayar ko David yana ji da gaske ba ta dame ni ba. Monica ta san abin da kalmomin nan za su yi kafin ta furta su. An gargaɗe ta cewa babu komawa baya. Wanda ya ɗora wa wani son sa, ya ɗauki amana.

Inda aka fi rabuwa shi ne ƙarshen fim ɗin. Bayan shekara 2,000 ƙanƙara ta rufe New York, wasu halittu suka tono David daga ƙarƙashin teku inda ya maƙale, suka dawo masa da Monica na yini ɗaya tak daga silin gashinta. Da yawa sun ɗauka baƙi ne daga wata duniya, alhali mutum-mutumi ne da suka ci gaba. Wani tsoho ya dage cewa Spielberg ne ya zuba wa labarin zuma, da Stanley Kubrick ne, daraktan da ya fara shirin fim ɗin, da a ƙarƙashin teku zai tsaya. Gaskiya Kubrick ya daɗe yana shirin fim ɗin kafin ya rasu a 1999, amma Spielberg da bakinsa ya ce wannan ƙarshen yana cikin tsarin Kubrick.

Na ce masa, Baba, ina zumar take? Matar da aka dawo da ita ba ta tambayi mijinta ko Martin yadda uwa za ta yi ba, ƙera ta aka yi don ta kwantar masa da hankali, kamar yadda aka ƙera shi dominta. Ya girgiza kai bai yarda ba, amma ya ce zai sake kallo.

Motata ta iso, sai mun haɗu a bidiyo na gaba.