Mutum huɗu, babu mai sanda

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla. Shugaba, na gode. An ba ni minti 40, an ce in yi bayani a kan kakar kiɗa ta zauren Wigmore Hall da ke nan Landan, wadda ake farawa a Satumba a kai har Yuli. E, su ma kaka gare su kamar 'yan ƙwallo, sai dai su ba a korar kowa zuwa rukuni na ƙasa. [dariya] Abu huɗu zan taɓo: zauren kansa, makaɗan da ke zuwa, tarihin kiɗan, sai kuma yadda ake sauraro.

Na farko, zauren. In ka sauka a tashar Bond Street, ka tsallaka titin Oxford ka ɗan yi arewa, ka iso. Kamfanin Bechstein na Jamus, masu ƙera fiyano, su suka gina shi a 1901 jikin shagonsu. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya sai hukuma ta ƙwace dukiyar Jamusawa, aka yi gwanjonsa a 1916, aka sake buɗe shi a 1917 da sunan titin da yake kai. Kujerunsa 550 ne da 'yan kai. Ƙarami ne, kuma haka ake son sa, don abin da ake yi a ciki Turawa kiɗan ɗaki suke ce masa. A ɗakunan sarakuna da attajirai ya taso, inda mai sauraro ke zaune kamu biyar daga makaɗi.

Na biyu, makaɗan. Baƙi ne. Yau 'yan huɗu daga Jamus, gobe 'yan uku daga Faransa, jibi wasu daga Amurka. Su sauka da rana, su gwada ɗakin, su yi kiɗa da daddare, gari na wayewa sun yi gaba. Mai celo ma, wato babban gogen nan da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, tikiti biyu yake saya a jirgin sama, ɗaya nasa ɗaya na gogen, don ba ya yarda a jefa shi cikin kaya.

Na ce goge, na ga Alhaji ya yi murmushi. Ai dangi ne, Alhaji. Namu na gida ƙwarya ce da fatar guza da tsirkiya ɗaya. Nasu katako ne da tsirkiya huɗu. Amma abin gogawar duk izgar doki ce, duk kuma sai an shafa mata ƙaro kafin ta kama. A ƙungiyar 'yan huɗu akwai bayolin biyu masu siririyar murya, akwai biyola mai matsakaiciya, sai celo mai kauri.

To, ga abin da ya kawo ni. Ku ba ni hankalinku nan.

A babbar ƙungiyar kiɗa, mai mutum 80 ko fiye, akwai mai sanda a gaba. Shi ke cewa a fara, shi ke cewa a sassauta, kowa idonsa na kansa. 'Yan huɗu ba su da mai sanda. Babu. To wa zai ce a fara? Na taɓa samun kujera a layi na uku, ranar na ga yadda ake yi. Sun zauna, ɗaki ya yi tsit. Mai bayolin na farko ya ɗaga izgarsa, ya ja numfashi ta hanci, wallahi daga inda nake na ji ƙarar numfashin. Sauran ukun suka ja tare da shi. Kafin su sauke, sauti huɗu sun fito kamar daga baki ɗaya. Numfashin nan shi ne sandarsu. Tsawon numfashin shi ke gaya musu saurin da za a yi, ƙarfinsa shi ke gaya musu ƙarfin da za a fara da shi. Numfashi fa, jama'a. Numfashi kawai.

Daga nan idona bai bar mai biyola ba. Mace ce, kuma rabin lokaci ba takardarta take kallo ba, hannun mai celo take kallo ta wutsiyar ido. Ya ɗan jinkirta, ta jinkirta. Ya sassauta, ta koma ƙarƙashinsa don kada ta rufe shi. Can wajen tsakiya gashi ɗaya ya tsinke daga izgar mai celo yana ta lilo. Bai tsaya ba. Sai da kiɗan ya ba shi hutun daƙiƙa biyu ya sa yatsu ya fizge shi, ya shigo daidai inda ake jiran sa. Babu wanda ya ɗaga kai, amma duka ukun sun sani.

Akwai marubucin Jamus, Goethe. A wata wasiƙa da ya aika wa abokinsa Zelter a 1829 ya ce, in kana sauraron 'yan huɗu, kamar kana jin mutum huɗu masu hankali suna hira ne. Hira. Ba wa'azi ba, ba jawabin siyasa ba, hira. Kuma duk mun san hira ba ta daɗi da wanda ba ya bari a kai aya. Irin wanda kana magana yana shirya tasa amsar, bai ji ka ba. Kada kowa ya kalli na kusa da shi. [dariya] A kiɗan nan, in ɗaya ya daina sauraro na daƙiƙa uku, ɗaki duka zai ji.

Da can ba haka abin yake ba. Mai bayolin na farko shi ne mawaƙi, sauran ukun 'yan amshi, kamar yadda muka saba gani a fada. Wanda ya sauya wannan, ko in ce wanda ya fi kowa hannu a ciki, shi ne Joseph Haydn, mutumin Ostiriya da ya yi kusan shekara 30 yana yi wa gidan sarautar Esterházy aiki. Ya rubuta irin wannan kiɗa kusan 70. A guda shida da ya kammala a 1781 ya ce da kansa ya rubuta su ne ta wata sabuwar hanya ta musamman. Mece ce hanyar? Ɗan amshi ya samu baki. Karin da bayolin ya fara, sai celo ya karɓe, biyola ta ƙara nata, wanda ke jagora yanzu shi ne mai rakiya nan da ɗan lokaci. Ka iya gaba, ka iya baya. Wannan ya fi iya gogawa wuya, shi ya sa za ka tarar da gwanaye huɗu, kowa zakara a fagensa, a haɗa su kiɗan ya ƙi.

Bari in ƙara misali ɗaya, Shugaba, ɗaya tak. Beethoven, wanda ya ɗan yi karatu a hannun Haydn, ya rubuta guda 16. Akwai mai lamba 131 a jerin ayyukansa, na 1826, shekara ɗaya kafin rasuwarsa, lokacin kunnensa ya riga ya mutu. Babi bakwai ne, kusan minti 40, ya ce a yi su a jere ba tsayawa. Ku san tsirkiya in ta sha guga a ɗaki mai ɗumi sakkwacewa take yi. A al'ada tsakanin babi da babi ake ɗan ɗaure ta. Nan babu wannan sarari. Sai dai kowa ya riƙa gyara yatsansa yana bin kunnen ɗan uwansa har a kai ƙarshe. Kuma ku ji yadda yake farawa: bayolin ɗaya shi kaɗai, a hankali, sai na biyu ya shigo da karin nan, sai biyola, sai celo, kamar masu shigowa zaure ɗaya bayan ɗaya kowa da sallamarsa. Mutumin da ba ya ji, shi ya rubuta abin da ya fi kowane buƙatar ji. Ni dai duk ranar da na ga wannan a jadawalin kaka, komai sanyi sai na je.

Na uku... a'a, tarihi ai na cinye shi a nan. To, na ƙarshe, lokaci ya tafi. Ba a tafi tsakanin babi da babi, sai an gama duka. In ka rasa gane ƙarshe, jira su sauke izga. Haydn ma yana da wani a cikin shidan nan da ya cika ƙarshensa da tsaye-tsaye, ka ɗauka an gama ka fara tafi, sai su ci gaba. Ranar Lahadi da ƙarfe 11:30 na safe akwai na awa ɗaya, shi nake ba sabon shiga shawara. Na Litinin da ƙarfe ɗaya na rana kuma gidan rediyon BBC na uku yakan watsa shi, ko daga kicin sai ku ji. Waya a kashe. Hajiya, na ga hannunki, bismillah.

[Tambaya daga cikin jama'a: Malam, tun da ka ce numfashinsu ɗaya, in ɗaya ya rasu fa?]

Allah Ya yi miki albarka, Hajiya. Yawanci sukan nemi wani, a yi ta gwaji wata da watanni, kamar neman aure. Amma ba kullum ba. Akwai ƙungiyar Amadeus. Uku daga cikinsu, Norbert Brainin da Siegmund Nissel da Peter Schidlof, yaran Yahudawa ne da suka gudo daga Biyana, babban birnin Ostiriya, saboda Hitler. Da yaƙi ya ɓarke, Ingila ta tsare su a matsayin 'yan ƙasar abokan gaba, a sansanonin tsarewar nan suka san juna. Dukansu bayolin suke bugawa, sai Schidlof ya haƙura ya koma biyola don ƙungiya ta tashi. Na huɗunsu Bature ne ɗan nan, Martin Lovett, mai celo. A watan Janairun 1948 suka fito a wannan zaure na Wigmore da nake ba ku labari. Shekara 40 suna tare, ba a taɓa sauya ko mutum ɗaya ba. A 1987 Schidlof ya rasu. Sauran ukun ba su nemi kowa ba, suka rufe ƙungiyar.

Shugaba yana nuna mini agogo, Magariba ta yi. Mai sauran tambaya ya same ni wajen shayi bayan salla.