Lacca: Bashin mallakar gida, wa yake kaiwa gare shi a Kaduna?

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. To yau maganar gida za mu yi, don duk wanda ke zaman haya a garin nan ya san tashin hankalin ƙarshen shekara, ejan ya bugo waya wai mai gida ya ƙara kuɗi, ko ka biya ko ka kwashe kayanka.

Gwamnatin tarayya ta yi ƙoƙari, a faɗi gaskiya. Tun 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa, NHF, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata, bankin lamunin gidaje na tarayya wato FMBN ke riƙe da kuɗin. In ka yi wata shida kana zubi ka cancanci neman bashi, kuɗin ruwa kashi 6, biya har shekara 30. A 2022 kuma hukumar fansho ta PenCom ta ce kana iya cirar har kashi 25 na ajiyar fanshonka ka biya kason farko na kuɗin gidan da banki ke so ka fara ajiyewa. Duk wannan sauƙi ne.

Amma mu zauna mu yi lissafi. Ƙa'ida ita ce abin da za a riƙa cire maka kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinka. Mai ɗaukar naira 72,000, mafi ƙarancin albashi a jihar nan, 24,000 ke nan a wata, ko shekara 30 aka ba shi bashin da zai samu miliyan 4 ne da 'yan kai. Don Allah wane gida miliyan 4 za ta saya yau a Barnawa ko Malali? Ko a Millennium City ma sai dai fili da katanga.

Sai takarda, kuma nan ne abin ke min ciwo. Mahaifina shekara goma sha ɗaya ya yi yana gina gidanmu a Tudun Wada, bana bulo ɗari biyu, baɗi kwanon rufi, ɗaki ɗaya muka fara shiga ko filasta babu, ledar siminti muka toshe taga da ita. Takardarsa ɗaya, ta ciniki, da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, tana cikin adakar mahaifiyarmu. Banki ba ya kallon wannan takardar. Shaidar mallaka ta gwamnati yake so, kuma tun dokar filaye ta 1978 sai da amincewar gwamna ake jinginar da fili. Shi ya sa nake roƙonku, mai fili ya je hukumar filaye ta jihar nan, wato KADGIS, ya yi takardarsa tun kafin buƙata ta taso.

Ga kuma tela da ɗan kasuwar Barci da mai Keke Napep, suna samu alhamdulillahi, amma ba su da takardar albashi da za su nuna.

Na san abin da wasunku ke ta saƙawa a zuci, riba. Da yawa a ɗakin nan ko kashi 1 aka ce ba za su taɓa ba, kuma ba taurin kai ba ne, imani ne. Mafita akwai ta, tsarin ijara, banki ya sayi gidan kana biyan haya har ya zama naka, ko murabaha, ya saya ya sayar maka da ribar ciniki sananniya tun ranar farko. Bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, na aiki a ƙasar nan tun 2012, don haka ba baƙon abu ba ne, abin da muke nema gwamnati ta zuba kuɗi masu sauƙi ta wannan ƙofar sosai.

Ma'aikatan da ke nan, ranar Litinin ku duba takardar albashinku, in ana cire NHF ku je ku nemi lambarku da lissafin abin da kuka tara.