Hutun golf a otal ɗin manya: mi ake biya da kuɗɗin nan?

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yau daga Birnin Kebbi nake maku magana, kuma abin da ya jawo wanga bidiyo shine wani ƙanena da ya turo man hoton maigidanshi, farar hula, farar riga mai kwala, ya riƙe sanda yana tsaye cikin ciyawa koriya shar kamar shinkafar fadama wata ɗaya bayan dashe, yace yaya wai mi mutanen nan ke yi, an ce man kwana ukku zai yi can yana buga ƙwallo cikin rami. To ku gyara zama.

Farko dai wasan. Golf, wanda wasu gidajen rediyo ke ce ma ƙwallon lambu, asalinshi Sikotilan ne, kuma ya daɗe ƙwarai, don a 1457 sarkinsu James na biyu har hana shi yayi saboda samari sun bar koyon harbin baka sun koma bugun ƙwallo. Ramu 18 da kuke ji ana faɗa, a filin St Andrews na can Sikotilan aka tsaida shi a 1764, duniya ta bi. Kowane rami yana da wurin farawa da wurin ƙarewa, kai dai aikinka ka kai ƙwallon cikin ramin da bugu kaɗan. Nan ne ya bambanta da ƙwallon ƙafa, wanda ya fi ƙarancin lamba shi ya ci. Kowane rami an yanka mai adadin bugu, ukku ko huɗu ko biyar, in ka haɗa duka galibi 72 ne. Ramin kuma faɗinshi milimita 108 kacal, ya ɗan ɗara bakin kofin shayi, ƙwallon bai kai giram 46 ba, amma daga inda zaka fara bugu wani lokacin mita ɗari huɗu ne ko fiye, ga tafki a tsakani, ga ramukan yashi da aka tona da gangan don su kama ka. Sanduna kuma doka tace kar su wuce 14 cikin jakarka.

To shi hutun golf ɗin fa? Otal ne babba wanda ke da filinshi na kanshi ko ya haɗa kai da filin da ke kusa, sai ya ɗaure maka komi wuri ɗaya ya sayar: ɗaki na kwana biyu ko ukku, karin kumallo, wani lokacin da abincin dare, sannan zagaye biyu ko ukku na wasa, zagaye ɗaya shine ka bi ramu 18 ɗin duka. Kalli wanga hoton, Gleneagles kenan a Sikotilan, an buɗe shi 1924, filaye ukku manya gare shi, nan aka yi gasar Ryder Cup ta 2014, wadda ake karawa tsakanin Turai da Amurka. Irinsu suna nan a Fotugal da Turkiyya da Maroko da Dubai. Mu ma nan gida akwai, otal ɗin Ibom da ke Uyo a Akwa Ibom yana da fili mai rami 18 a jikinshi, mutumin Kebbi ko Gusau sai ya bi ta Abuja ya hau jirgi ya sauka Uyo.

Ranar wasa ba wai ka tashi sanda ka ga dama ka shiga fili bane. Ana ba ka lokaci, misali bakwai da minti ashirin, kuma bakwai da minti ashirin ɗin ake nufi, ba irin namu na ɗaurin aure da za'a ce goma a yi sha ɗaya da rabi ba. Mutum huɗu ne iyakar rukuni, kowane kamar minti goma ana sakin wani rukunin, in ka makara wurinka ya tafi kuma kuɗinka ya bi shi. Zagaye ɗaya yana cin awa huɗu har da ɗoriya, in da ƙafa ne zaka taka kilomita bakwai ko takwas baka sani ba, shi yasa wasu ke hayar 'yar ƙaramar motar nan mai batir. Sai yaro mai ɗaukar jaka, kadi suke ce mai, kuma kar ku raina shi, shi ya san inda ƙasa ta karkata, shi zai ce maka ranka ya daɗe ɗauki wagga sanda bar waccan, in kana da hankali ka ji maganarshi. In ƙwallonka ya shige daji minti ukku gare ka ka nemo shi, in baka gani ba an ƙara maka bugu ɗaya na hukunci kuma ka koma inda ka buga. Babbar riga da kaftani a ɗaki zaka baro su, yawancin wuraren riga mai kwala suke so, ba jins, ba silifas, kuma in wani zai buga kowa tsit, har waya sai ka rufe mata baki. Alhajin da bai iya minti biyar ba'a kira shi ba, wanga kaɗai ya ishe shi jarabawa.

Yanzu mu zo kan kuɗi, don nan ne ƙanena ya fi damuwa. Ni a ganina ba gado kake biya ba, gado ko'ina akwai shi. Ciyawa kake biya. Fili ɗaya mai rami 18 yana cin ƙasa hekta hamsin zuwa sama, ku da kuke noman rani a Argungu da Suru da Jega ku lissafa buhu nawa na shinkafa wanga ƙasa zata ba ku, kuma duk wagga ƙasa dole ta zauna koriya shekara zagaye. Wurin da ke kewaye da ramin, ciyawar ana aske ta ta koma kamar milimita ukku ko huɗu, kusan kullum da asuba kafin baƙi su tashi, da injin na musamman, ga taki, ga maganin ƙwari, ga famfunan da aka binne ƙarƙashin ƙasa suna feshi da dare. Duk wanda ya taɓa kwana a fadama yana gadin injin ban ruwa a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, fetur yana ƙarewa kana kallo, ba sai an yi mai bayani ba. Dubai da suka buɗe filin Emirates a 1988 tsakiyar hamada, shine filin ciyawa na farko a wancan yankin, kuɗi ne kawai suka zuba ma yashi har yayi kore.

Kuma abin da zai ba ku mamaki, golf ba baƙo bane a arewa. Filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, Kano da Kaduna ma suna da nasu tun na mulkin mallaka. Da yake ruwa bai isa a riƙe ciyawa ba, sai suka yi dabara, wurin ramin a zuba yashi a cakuɗa da baƙin mai a daddaɓe, in za'a buga sai a share hanya da wani faffaɗan abu ya yi sumul. Ni dai wagga dabara ta fi burge ni kan ta Dubai, don wanda ya yi ta ya san ƙasar da yake.

In ko Allah ya hore maka kana son zuwa, ka tambaya tun kafin ka tura kuɗi: motar cikin fili tana ciki ko daban ce, hayar sanduna nawa, in ruwan sama ya hana wasa za'a maida maka ko an ci kenan. Wasu filayen na waje ma sai ka nuna shaidar matakin iyawarka, handikaf, kafin su bar ka ka taka masu ciyawa, wato mai koyo ya fara daga wurin atisaye da malami, ya yini yana dukan iska yana tone ƙasa. Sallamar kadi kuma daga aljihunka ce, ba ta cikin rasit. Lokacin damina a Uyo ruwa ba wasa yake ba, gara ka nufi Disamba ko Janairu.

Shi kuma maigidan ƙanen nawa, na ce a tambayo man nawa ya buga. Wai yace ɗari da ashirin da wani abu, ƙwallo shidda sun faɗa tafki, amma a rami na sha huɗu suka gama maganar wata kwangilar taki da wanda suka zagaya tare. Ku rubuta man a ƙasa abin da kuke so mu duba a bidiyo na gaba, sai na ji ku.