Darasi: laftof mai yanke intanet yana dawowa

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka daga nan Birnin Kebbi. Wata ɗaliba daga Aliero ta aiko mana saƙo, ta ce laftof ɗinta yakan kama wayifai lafiya lau, ta yi kamar minti goma tana aiki, sai ya yanke, can kuma ya dawo da kansa. Ta kai shago an ce sai an goge kwamfutar gaba ɗaya. Malama, don Allah ki dakata. Abin nan yana damuna ƙwarai, ɗalibai nawa suka rasa aikin makarantarsu a kan matsalar da ba ta kai nan ba.

Kafin ki taɓa komai, gano mai laifin. Su uku ne: laftof ɗin, ko na'urar da ke ba ki wayifai, ko kamfanin layin. Ki haɗa wayarki da wannan wayifai ɗin, ki ajiye ta kusa da laftof. Idan tare suke yankewa, laftof ba ruwansa.

To ga gwajin da na fi yarda da shi, ku ɗauko biro. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, baƙin allo zai buɗe. Rubuta ipconfig, ki nemi layin Default Gateway. Lambar da ke gabansa ita ce adireshin na'urar da ke ba ki wayifai, yawanci tana farawa da 192.168. Sai ki rubuta ping, ki bar fili, ki sa lambar, ki bar fili, ki ƙara -t. Buɗe wani baƙin allon, ki yi haka da 8.8.8.8, wato adireshin Google. Ki bar su suna gudu har lokacin da intanet ya yanke. Idan na farko yana ta amsawa amma na biyu ya ce Request timed out, matsalar daga layi take, sai ki matsar da na'urar kusa da taga ko ki gwada wani sim. Idan duka biyun suka yi shiru, to tsakanin laftof da na'urar ne.

A nan abin da na fi gani shi ne Windows da kanta take kashe katin wayifai don ta tattala batir, shi ya sa wasu sai an ɗauke wuta abin ke tashi. Shiga Device Manager, buɗe Network adapters, danna sau biyu a kan wanda ke da Wireless a sunansa, je Power Management, ki cire alamar da ke cikin akwatin farko. Tun kina wurin, ki sabunta direban, wato manhajar da ke sarrafa katin wayifai.

Kada ku manta da zafinmu. A watan Afrilu nan Kebbi yana wuce digiri 40, kuma ƙaramar na'urar nan ta aljihu idan ta kwana a caji ƙarƙashin rufin kwano, zafi yakan sa ta riƙa yankewa. Taɓa ta ki ji. Idan batirinta ya kumbura, daina amfani da shi nan take. Kuma in akwai bangon siminti tsakanin laftof da na'urar, zaɓi wayifai na 2.4 GHz, ya fi na 5 GHz ratsa bango.

Saura ɗaya, musamman ga masu laftof na hannu. Eriyar wayifai a saman allo take, siraran wayoyinta biyu suna bi ta mahaɗar murfi. Yayin da ping ke gudu, ki ɗaga murfin a hankali, ki sauke. Idan amsar tana ɗaukewa daidai da motsin, waya ce ta tsinke ko ta saki. Ki kai wa mai gyara ki faɗa masa haka da bakinki, ko ki sayi ƙaramin adaftan wayifai na USB ki soka, aikinki ya ci gaba.