Yadda Ake Girka Sabon Salon Rubutu a Kwamfuta Domin Word da PowerPoint

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau za mu ga yadda ake girka sabon salon rubutu, wato font, a kwamfuta, ya fito a cikin Word da Excel da PowerPoint. Girkawar ba ta kai minti biyu ba. Inda ake shan wahala shi ne wajen zaɓe, musamman ga mai rubuta Hausa.

Ku dubi allon nan. Na rubuta "ƙasa", "ɗaki", "ɓera". Ga wani salo mai kyan gani da na zaɓa, amma ƙ ta fita daban da sauran haruffan, ta yi siriri, ɗ kuma ta ɗan karkace. Dalili shi ne wanda ya zana salon bai sa haruffanmu masu lanƙwasa a ciki ba, sai Word ya aro su daga wani salon ya cike gurbin. Wani lokaci ma ɗan akwati kawai za ku gani. Shi ya sa kafin ku sauke kowane salo, ku gwada shi da ɓ, ɗ, ƙ da manyansu. 'Yan uwanmu na Nijar su ƙara da ƴ.

Waɗanda na fi amincewa da su na ƙungiyar SIL ne: Charis, Gentium da Andika. Charis ya dace da littafi ko kundin digiri. Andika kuwa an zana shi ne domin masu koyon karatu, saboda haka malaman firamare da na yaƙi da jahilci su riƙe sunan nan. Akwai kuma Noto na kamfanin Google. Dukkansu kyauta ne, lasisinsu ya yarda a yi aikin kasuwanci da su. Ku ɗauko su daga shafin masu su, ku rabu da shafukan da ke cike da talla.

To, ga shi ya sauka. Zai zo a ƙunshe cikin zip. Ku danna maɓallin dama na linzami, ku zaɓi Extract All. A ciki za ku ga fayiloli masu ƙarewa da ttf ko otf. Yawanci akwai na yau da kullum, mai kauri, mai karkata, da mai kauri a karkace. Ku haɗa su duka ku girka. In kun ɗauki ɗaya kawai, Word zai ƙirƙiri kaurin da kansa, kuma a takarda ba ya yin kyau.

Ku sake danna dama. Install zai girka wa mai amfani da kwamfutar a yanzu kaɗai. Install for all users na kowa da kowa ne, amma yana neman izinin mai kula da na'urar. A Windows 11 sai an shiga Show more options kafin a gan shi. Masu shagon buga takardu, na biyun ya fi muku. Masu Mac kuma su danna fayil ɗin sau biyu, Font Book zai buɗe, su danna Install.

Yanzu ku rufe Word gaba ɗaya, ku sake buɗewa. Ga sunan salon nan a jerin salon rubutu.

Sai dai salo ba ya canza madannai. Domin ƙ ta fito, ku ƙara madannan Hausa a saitin harshe na Windows, ko ku girka manhajar madannai ta Keyman. In harafi ɗaya kuke so cikin gaggawa, ku rubuta 0199 a Word ku danna Alt da X tare, ƙ za ta fito. Lambar ɗ 0257 ce, ta ɓ kuma 0253.

Bari in tsaya kaɗan kan tsofaffin salo irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990. Sun yi wa Hausa hidima babba a lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu ba. Dabarar ita ce a ɗora harafi mai lanƙwasa a mazaunin wata alama, kamar baka, wato irin wannan alamar: }. Shi ya sa in aka buɗe tsohuwar takarda a kwamfutar da ba ta da salon, sai a ga baka a farkon "ƙasa". Mai irin waɗannan takardu ya ajiye salon domin karanta su, amma sabon aiki a yi shi da mai bin tsarin Unicode, wanda ƙ ɗinsa ƙ ce a waya da intanet da ko'ina.

Saura tura wa wani. Salon da kuka girka yana kwamfutarku ne kawai, ba ya bin takardar da kansa. Ɗalibi zai gyara kundinsa tsaf, ya kai wajen mai bugawa, shafuka su goce. Ku shiga File, Options, Save, ku sa alama a Embed fonts in the file. Fayil ɗin zai ƙara nauyi, kuma sai salon da lasisinsa ya yarda. In bugawa kawai za a yi ba gyara, ku mayar da takardar PDF, ku buɗe ta ku duba ƙ da ɗ kafin ku tura.