Jinga a Harkar Ilimi: A Biya Bayan Yaro Ya Iya Karatu

(An rubuto wannan daga faifan laccar da wani tsohon jami'in duba makarantu ya gabatar a taron malamai da iyaye da 'yan kasuwa a garin Bauchi. An rage gaishe-gaishe.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara muku lafiya. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ke can baya, da 'yan'uwana malaman makaranta, barkanmu da yamma.

Zan fara da abin da kowa a ɗakin nan ya sani. In za ka sa a yi maka noma, hanya biyu ce. Ko dai ka ɗauki 'yan ƙwadago na yini, la'asar ta yi ka sallame su ko sun gama ko ba su gama ba, ko kuma ka yi jinga. A jinga za ka nuna gona, daga wannan kunya zuwa gindin waccan ɗorawa, ku daidaita kuɗi, in sun ce sun gama ka zagaya da ƙafarka ka duba, sannan ka sa hannu a aljihu. Haka mai haƙa rijiya, sai guga ya fito da ruwa ake cika masa kuɗinsa. To, abin da manyan masu ba da tallafi na duniya suke ta taro a kansa yanzu, suna neman tara masa kuɗi, shi ne yadda za a shigo da jinga cikin harkar ilimi da koyar da sana'a.

Bari in gaya muku dalilin da ya sa maganar nan ta tsaya mini a rai. Lokacin ina zagayen duba makarantu, na shiga wani aji huɗu a wani ƙauye, ba zan faɗi sunansa ba. Ginin sabo ne, ƙamshin fenti bai gama fita ba, an kawo benci, rajista cike da sunaye. Na kira wata yarinya na ba ta littafinsu na Hausa. Ta karanta shafin farko tiryan-tiryan, har na fara murna. Sai na lura yatsanta yana layi na biyu, bakinta yana layi na biyar. Na rufe littafin, na ɗauki alli na rubuta "rago" a allo. Ta dubi allon, ta dube ni, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Hadda ta yi. Shekara huɗu tana zuwa makaranta, uwarta tana haƙura da tallan da za ta yi mata, amma harafi huɗu sun gagare ta. A takardun ofis kuwa, makarantar nan tana cikin waɗanda aka yi nasara a kansu, domin an yi gini, an raba littafi, an biya ɗan kwangila, kowa ya sa hannu. Duk kuɗin da aka kashe an kashe shi ne a kan abin da aka saya, ba a taɓa tambayar abin da yarinyar ta iya ba.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi. A Afirka kudu da Sahara, abin ya kusan kashi 90. Ga kuma waɗanda ba su ma shiga aji ba: UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ne a Nijeriya, UNESCO kuwa a 2022 ta ce sun kai kusan miliyan 20 in an haɗa da 'yan sakandare. Kuɗin waje kuma yana ja da baya. Mu a Bauchi mun san littattafan Mu Karanta, waɗanda suka zo ta hannun hukumar USAID a nan da Sakkwato. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar, Ingila ma ta sanar da rage tallafinta. Wanda ya rage yana bayarwa yanzu, tambayarsa ta farko ita ce: me kuɗina ya haifar?

Ga yadda tsarin yake tafiya. Akwai mai gona, wato wanda ya yi alkawarin biya in an ga sakamako, ko gwamnati ko wata gidauniya. Akwai mai aiki, ƙungiya ko makarantar da za ta koyar. Da yake mai aiki sau da yawa ba shi da abin da zai riƙe kansa har shekara uku, sai a samo mai jari ya ba shi kuɗin somawa, da sharaɗin in aiki bai yi kyau ba asarar tasa ce. Na ƙarshe shi ne mai awo, wanda ba ya cin tuwon kowa a cikinsu, shi zai je ya gwada yaran ya faɗi abin da ya gani.

An gwada wannan a jihar Rajastan ta Indiya daga 2015 zuwa 2018, kuma ina so mu ɗan tsaya a kansa. Wata ƙungiya mai suna Educate Girls ce ta yi aikin, gidauniyar UBS Optimus ta zuba dala 270,000, gidauniyar CIFF ta ɗauki alkawarin biya. Kashi 80 na biyan an rataya shi a kan abin da yara suka koya, kashi 20 kawai a kan shigar da 'yan mata makaranta. Da shekara ta biyu ta ƙare, sai awo ya nuna wajen koyo kusan rabin abin da aka yi alkawari kaɗai suka cimma. Da a tsarinmu ne, rahoto za a rubuta a ce komai yana tafiya daidai. Su kuwa da suka ga kuɗi zai kuɓuce, sai suka sake lale. Suka raba yara gwargwadon abin da kowa ya iya, suka riƙa bin masu fashin makaranta har gida. A ƙarshen shekara ta uku sun kai kashi 160 cikin 100 na abin da aka sa musu wajen koyo, da kashi 116 wajen shigar da 'yan mata. Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne waccan shekara ta biyu. Awo ya faɗa musu gaskiya tun da sauran lokaci, kuma yarjejeniyar ta bar musu hannu su sauya dabara ba sai sun jira izini daga wani ofis ba.

Daga irin wannan ne aka kafa asusun da ake kira Education Outcomes Fund, wato asusun biya bisa sakamakon ilimi, wanda yake ƙarƙashin inuwar UNICEF tun 2020, da burin tara dala biliyan 1 domin yara da matasa miliyan 10. Ya soma da Saliyo, dala miliyan 18 a makarantun firamare 325, sai Ghana da dala miliyan 30.

Na san a zuciyar wasu malamanmu akwai tambaya, ko wannan baƙon abu ne. Allah ya gafarta malam, kun fi ni sani, babin ju'ala, wato alkawarin lada ga wanda ya cika wani aiki, yana nan a fiƙihunmu, kuma malamai suna kafa hujja da ayar Suratu Yusuf, inda aka ce wanda ya zo da ma'aunin sarki yana da kayan raƙumi guda. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, an ce babu laifi malami ya koyar da Alƙur'ani bisa sharaɗin a biya shi in yaro ya ƙware, haka likita bisa sharaɗin warkewa. Maganar da ta rage ita ce ribar mai jari. A Indiya ya samu kusan kashi 15 cikin 100 a shekara. Ni abin da na gani, uwar kuɗinsa tana iya salwanta, wanda ya sa abin ya fi kama da ƙiradi, wato wani ya ba da jari wani ya juya su raba riba, amma hukuncin naku ne, kuma ina roƙon ku zauna a kansa kafin a kawo mana yarjejeniya daga waje.

A nan gida ma mun ɗanɗana. Shirin ilimi na BESDA na Bankin Duniya, dala miliyan 611, wanda aka amince da shi a 2017, ya shafi jihohi 17 har da Bauchi da Gombe, kuma an riƙa sakar wa jiha kuɗi ne gwargwadon sakamakon da aka tabbatar, musamman yawan yaran da aka shigar makaranta. Tsari ne mai kyau, amma ya kawo mu ga inda gizo ke saƙa. Duk abin da ka ce a kansa za ka biya, shi za a kawo maka. In ka ce suna a rajista, sunaye za ka samu. In ka ce cin jarrabawa, za a koya wa yara amsa su haddace, kamar yarinyar nan tawa. Ingila ta riga mu faɗawa wannan rami: a 1862 ta rataya kuɗin makarantun firamare a kan jarrabawar karatu da rubutu da lissafi, malamai suka koma horar da yara a kan abin da mai duba zai tambaya kaɗai, kafin ƙarshen ƙarnin aka watsar da tsarin.

Akwai haɗarin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Ɗan jinga yana son gona mai laushi. In kuɗin kowane yaro ɗaya ne, ƙungiya za ta tsaya a cikin gari inda akwai kwalta, ta zaɓi yaran da dama sun kusa iyawa. Wa zai shiga ruga a bayan Ningi da damina? Wa zai ɗauki kurma, ko almajirin da bai taɓa riƙe fensir ba? Maganinsa a rubuta tun farko cewa ana biya ne a kan tazarar da yaro ya yi daga inda aka same shi, kuma kuɗin yaron da ya fi wahalar kaiwa ya fi yawa. Sannan ina so a ji ni da kyau, albashin malami ba ya shiga jinga. Malamin da ke da yara fiye da ɗari a aji, ba alli, haƙƙinsa ne a biya shi ƙarshen wata. Jinga tana kan ƙarin aikin da aka ɗauko wata ƙungiya ta yi.

Koyar da sana'a kuwa, nan ne ma jinga ta fi dacewa. Duk mun halarci bikin yaye matasa: a kafa rumfa, a jera kekunan ɗinki da injin walda, a ɗauki hoto. Ni da idona na ga irin kekunan nan a kasuwa bayan 'yan kwanaki, ledarsu ma ba a cire ba. Ban ga laifin yaron da ya sayar ba, sati biyu aka koya masa, ba shago, ba mai kawo ɗinki. A ƙasar Nefal an yi wani asusun samar da aiki da ya raba biyan gida biyu: a ba mai koyarwa wani kaso in ɗalibi ya ci gwajin sana'a, kaso mafi tsoka kuma sai an bi sawu bayan watanni an tabbatar yana samun kuɗi da sana'ar, kuma ana ƙara farashi a kan mata da marasa galihu. Mai koyarwar da ya san haka, kafin ya buɗe aji sai ya shiga kasuwa ya tambayi abin da ake nema. Mu kuma muna da abin da ya fi aji: ogan gareji, da tela, da mai gyaran waya a Wunti, waɗanda dama suke yaye yara. Su ya kamata a yi jingar da su.

To, ina kuɗin zai fito? Na gwamnati yana nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma an sha ganin biliyoyin naira suna kwance a Abuja saboda jihohi ba su ajiye ba. Wannan aikin 'yan majalisarmu ne, mu riƙa tambayarsu.

Ni dai yau wajenku na zo, Alhazai. Ba ku taɓa gazawa wajen bayarwa ba. Kun gina masallatai, kun gina azuzuwa, kun biya wa marayu kuɗin jarrabawa. Abin da ya sanyaya muku gwiwa shi ne a karɓa a yi shiru. A wannan tsari kuɗinku yana ajiye a banki da sunan amintattu, ba ya motsi sai an gwada yara. A ce mun ɗauki makarantu 20 a ƙaramar hukuma ɗaya daga cikin 20 da muke da su. Farkon shekara a gwada kowane yaro na aji biyu da aji uku: harafi, kalma, jimla, ɗan labari. Ƙungiyar da ta karɓi aikin a ba ta wani abu na somawa, domin ƙananan ƙungiyoyinmu ba su da ƙarfin jira, saura sai ƙarshen shekara. Waƙafi zai iya shiga, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai za su iya shiga, 'yan'uwanmu da ke Legas da ƙasashen waje ma haka, domin mutumin da ke nesa ya fi kowa son abin da zai gani a rubuce.

Awo yana da tsada, ba zan ɓoye muku ba, a Indiya ma tsarawa da awo sun ci kuɗi mai yawa. Mu sai mu yi daidai ruwa daidai tsaki. Muna da ɗaliban kwalejojin ilimi na Azare da Kangere, a horar da su, a tura ɗan wata ƙaramar hukuma zuwa wata, ba sanarwa, da takardar karatun da ba wanda ya taɓa gani. Kuma a yi a gaban iyaye. Mu mutane ne da muka saba da sauka, yaro ya zauna a tsakiyar jama'a ya buɗe baki kowa ya ji. Uwar da ba ta yi boko ba, in 'yarta ta karanta mata wasiƙar Hausa, za ta gane ko daidai ne.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda cewa magariba ta gabato. Akwai rajista a bakin ƙofa, duk mai son ya zauna a kwamitin da zai tsara gwajin makarantu 20 ɗin nan ya rubuta sunansa da unguwarsa, kuma muna buƙatar mata aƙalla uku da malamin fiƙihu ɗaya. Bayan salla zan amsa tambayoyi, in sha Allahu. Wassalamu alaikum.